Igiyar da Baba Ya Auna Jirgin Nuhu da Ita

Zuwa ga ƙanena Dogo,

Ina gaishe ka cikin sunan Ubangijinmu Yesu, da fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Allah ya tsare ku a inda kuke, ya sa albarka a aikinka. Mu nan sai godiya. Ƙafar Mama ta yi sauƙi, har tana zuwa sujada da kanta. Baba ne dai jikin ya ƙi, kuma saboda shi na zauna rubuta maka, don na san idan waya na yi za ka ce kana cikin aiki.

Ka tuna musun da kuka yi a shagonsa shekara biyu da suka wuce, da ka ce jirgin Nuhu ba zai ɗauki dabbobin duniya ba, katako mai wannan tsawo ma karyewa zai yi a kan ruwa? Ya ce ka fita masa daga shago. Kai kuma da zuciyar nan taka irin tasa ka fita, har yau ko gaisuwa ba ka aiko masa ba. Haba Dogo! Ka ɗauka ya manta ne? Mutumin da ya shekara hamsin yana aikin kafinta ba ya mantuwa da maganar awo.

Da aka sallamo shi daga asibiti watan jiya, sai ya sa aka sayo masa igiya. Ya zauna a bencin aikinsa yana auna ta da hannunsa, daga gwiwar hannu zuwa ƙarshen yatsa, kowane kamu ya yi ƙulli. Na nuna masa tef ɗin awo rataye a ƙusa, ya ce Nuhu bai auna da tef ba. Kwana huɗu ya yi, yana yi yana hutawa, kafin ya cika kamu ɗari uku. 'Yan'uwanka maza, Yaya Babba da Auta, suka riƙe shi zuwa filin bayan majami'a, suka kafa turaku, tsawo ɗari uku, faɗi hamsin. Ya shiga ciki da sandarsa yana nuna inda shanu za su tsaya, inda giwaye, inda ciyawa da ruwan sha. Can sai ya tsaya, ya ce jirgin bai kai girman wanda ke zuciyarsa ba.

Na tambaye shi ko bangaskiyarsa ce ta girgiza. Ya ce a'a, abin da Allah ya yi ya yi, ko shi bai gane yadda aka yi ba. Abin da ke cinsa shi ne tambayarka tambayar kafinta ce, irin wadda shi ya koya maka, kuma igiya ya kamata ya ɗauko ranar, ba ya kore ka ba. Ya ce kamun kowa hannunsa ne, nasa gajere ne, da kai mai dogon hannu ka auna, wataƙila da giwayen sun sami wuri. Ya yi dariya, ni kuwa kuka na yi.

Yanzu ya sassaƙa ƙaramin jirgi da ragowar katako, hawa uku, da taga. Ƙofar ce kaɗai bai ɗora ba, tana ajiye a gefe da ƙusoshinta. Auta ya ce bari ya buga masa, Baba ya hana. Ya ce Nuhu 'ya'ya maza uku gare shi, kuma ba a rufe ƙofa da biyu a ciki ba.

Dogo, ban saba ɓoye maka magana ba. Likita ya ja ni gefe ya ce mu kira na nesa. Ba cewa na yi ka zo ka yarda da Baba ba, shi ma bai nemi haka ba. Ya sa an sayo sabuwar igiya marar ƙulli ko ɗaya, tana naɗe a kan bencinsa. Ka zo da hannunka.

Mama da Yaya Babba da Auta suna gaishe ku. Ka gaida maiɗakinka, ka shafa mini kan yara.

Ni ce yayarka,
wadda ta goye ka.