Bakin Ƙahon Baba

Zuwa ga Yayata abar alfaharina,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara, kuma ciwon ƙugun nan ya sassauta miki. Ni ma lafiya nake, ina jiran ma'aikatu su farga da irin haziƙin da suke asara.

Maƙasudin wannan wasiƙa shi ne in sanar da ke cewa ƙahon kiran barewa na marigayi Baba yana hannuna. Ranar da muka kwashe kayan ɗakinsa na tsinto shi a saman kabad cikin tsohuwar safa, ya bushe, ƙwari sun fara cin gefensa. A matsayina na mai digiri ɗaya tilo a zuriyarmu, na ga alhakin ceto wannan kayan tarihi ya rataya a wuyana.

Na wanke shi da ruwan ɗumi da sabulu, na shanya a inuwa, domin rana maƙiyiyar ƙaho ce bisa ƙa'idar kimiyya. Na kankare dattin da fasasshiyar kwalba, sannan na bi da samfefa. Yaya, ashe ba baƙi ba ne. Launin zuma gare shi, gumin hannun Baba ne ya rufe shi. Warin da ya tashi kuwa sai ya mayar da ni tsakar gidanmu, Baba yana gwada busa, Mama tana cewa saboda shi kajinta suka daina ƙwai. Kin tuna idan ya dawo hannu wofi? Sai ya ce barewar ta amsa, amma ta ba da uzuri.

Ga matsalar. Da na iso bakin, sai na tarar da shatin haƙoransa, domin da haƙori yake riƙe shi idan hannuwansa suna kan bindiga. Daga cikin shatin nan wata tsaga ta taso, tana gangarowa. Na sa gam, bai kama ba, wurin ya ruɓe. Idan aka bar ta, za ta ratsa ƙahon ya zama bebe. Idan na yanke bakin, muryar ta tsira, haƙoran sun tafi. Mantiƙi ya ce a yanke, amma ke ce babba, ina jiran umarninki.

Ƙaninki,
Farfesan gida

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa da girmamawa. Ina fatan kowa lafiya, kuma zazzaɓin auta ya sauka.

Amsarki ta iso, na karanta ta a tsaye, na sake karantawa a zaune. Kin ce in ajiye mantiƙina a aljihu, wai tun ina yaro ba a ba ni abu ya dawo da siffarsa. Kin ce hoto ba ya nuna yadda mutum yake cizon abu, kuma ba wanda zai sake zuwa farauta a gidanmu, to muryar ta wa? Alal haƙiƙa ban sami hujjar da zan rushe wannan ba. Na mayar da shi cikin safar, na bi umarninki.

Sai dai da na duba shi makon jiya, tsagar ta ƙara nisa. Na tuna yadda Baba yake tsayawa a bakin ƙofa ya busa kafin ya shigo, mu watsar da wasa mu ruga. Ban iya zuba ido in ga abin nan ya yi shiru a ɗakina ba. Na ari zarto mai ƙananan haƙora wurin kafintan layinmu, na yanke. Na san na saɓa miki, kuma ba zan yi wa laifin ado da manyan kalmomi ba.

Guntun da na cire ya fito kamar zobe, shatin duk yana nan. Na shafe shi da kakin zuma, ga shi cikin ambulan ɗin nan, naki ne. Kada ki ajiye shi kusa da murhu ko taga.

Sauran kuwa na gyara masa sabon baki, na shafa mai ciki da waje, na goge da tsumma har yana ɗaukar ido. Sannan na fita bayan gida na busa.

Ya yi kuka, Yaya, amma ba irin na da ba. Da ƙahon ya gajarta sai muryar ta sirance. Na Baba kukan babbar barewa ne. Wannan kuwa kukan ɗan barewa ne, irin wanda yake yi idan ya ɗaga kai bai ga manya ba. Na zauna a kan dakali na daɗe ban tashi ba.

Idan fushin ya huce, ki zo ki ji da kunnenki. Idan bai huce ba, ki zo da shi, ni dai ki zo.

Ki gai da maigidan da yara.

Ƙaninki