Gwangwanin da ka bari a gidan kallo

Zuwa ga aminina Ishaya, a Fatakwal.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Maman Grace da yara, kuma aikin da ya ɗauke mana kai yana tafiya daidai. Na zaɓi in rubuta maka a fili, domin da yawa daga masu karanta shafin nan sun san bencin da zan yi magana a kai.

Halin da kulob ɗinmu yake ciki ka san shi, ba sai na tayar maka da hawan jini ba. Abin da ba ka sani ba shi ne ya kusa watsa mana majalisa.

Tun da ka tafi, mu uku ne dai a benci na uku a gidan kallon ƙwallon nan na unguwar Television. Ni da Malam Tanimu mai walda muna tahowa daga Makera, Ɗanladi yana zuwa da kekensa na haya mai ƙafa uku daga Narayi. Kai ka fi kowa sanin cewa a Kadunan nan wuraren da mutumin Makera da mutumin Narayi, Musulmi da Kirista, za su zauna kafaɗa da kafaɗa har awa biyu, su rungume juna idan an ci ƙwallo, ba su da yawa. Wannan bencin yana cikinsu.

Malam Tanimu koci yake so a kora. A cewarsa, duk wanda zai ɗauki mai tsaron baya ya dasa shi a tsakiyar fili, ko ƙungiyar unguwa bai cancanci a ba shi ba. Ɗanladi kuwa daraktan wasanni yake tuhuma: an tura mutum kasuwa ya sayo lamba shida, ɗan tsakiyar da zai kare masu tsaron baya, ya dawo da 'yan gefe uku, duka masu ƙafar hagu.

Makonni uku da suka wuce aka lallasa mu a gida, sai magana ta fita daga ƙwallo. Ɗanladi ya ce wanda ko ƙwallon tsumma bai taɓa bugawa ba ya koma ga ƙarafansa. Ka san Malam Tanimu ya kusa haifarsa. Ya miƙe, ya gyara hula, ya ce shi da Television sai dai wucewa a mota. Asabar ta farko bai zo ba. Ta biyu Ɗanladi ma bai zo ba. Ni kaɗai na zauna, 'yan wasu ƙungiyoyin suna yi mini ta'aziyya da dariya.

A ranar na tuna da gwangwaninka.

Kafin kowane wasa kakan yaga takarda ka raba mana, kowa ya rubuta 'yan wasa goma sha ɗayan da shi zai saka, ka naɗe ka jefa a tsohon gwangwanin madara, ba a buɗewa sai an tashi. Kakan ce, "Bayan wasa kowa koci ne. A rubuta tun yanzu." Muna kiranka akawun majalisa, muna ganin iyayi ne kawai. Na tarar da gwangwanin a ƙarƙashin teburin talabijin, mai gidan yana tara ƙusoshi a ciki.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na je shagon Malam Tanimu da takarda. Ban ce masa sulhu ya kawo ni ba. Ya zaro fensir daga bayan kunne yana rubutu da sauri, har ya iso lamba shida. Nan ya tsaya. Ya tambaye ni wa ya warke, wa yake jinya. Ya daɗe sosai kafin ya rubuta wani abu ya naɗe. Ɗanladi kuma na same shi a layin keke a Sabon Tasha. Tun da darakta yake zagi, na ce ya rubuta ɗan wasa ɗaya da shi zai sayo idan aka buɗe kasuwa. Kowannensu na tuna masa dokarka: wanda ba ya nan lokacin buɗewa, ya amsa cewa bai san ƙwallo ba.

Dukansu sun zo, Ishaya. Na zauna a tsakiyarsu, ba wanda ya kalli wani. Aka tashi kunnen doki.

Da na warware takardar Malam Tanimu, goma daga cikin sha ɗayansa su ne waɗanda kocin ya saka, kuma a lamba shida ga sunan mai tsaron bayan nan da yake ta kumfar baki a kansa. Ɗanladi ya yi dariya har da hawaye, yana cewa, "Baba, ashe kai ma a kore ka!" Sai na warware tasa. Wani yaro ne mai yanka da ya gani a waya. Ɗan gefe. Ƙafar hagu. Malam Tanimu ya rusuna masa ya ce, "Ranka ya daɗe, darakta." Da hayaniya ta lafa, Ɗanladi ya cire hularsa ya ce Baba ya yafe masa maganar ranar nan. Malam Tanimu ya ce ai ta wuce tun a Makera.

Idan ka tambaye ni, laifin ya girmi mutanen nan biyu. Kulob ɗin ya yi ta sauya koci, kowa ya zo a saya masa 'yan wasa irin salonsa, kafin su saba an sallame shi. Yanzu abin da ake da shi tarin ragowar tsare-tsare ne da ba su san juna ba. Ba na wanke kocin. Canjinsa yana makara. Amma a wasannin baya-bayan nan na ga yaran da aka ɗauko daga ƙaramar ƙungiya suna gudu kamar masu jin ciwon rigar, na kuma ga an fara buga tsari guda ana maimaita shi. Idan aka sayo lamba shida na gaske, aka bar koci ya gama kakar wasa ɗaya cikin natsuwa, ina sa ran za mu ɗaga kai.

Na yi kewarka ranar, mutumina. Da kana nan, na san ba za a kai Asabar biyu benci yana kuka ba. Ni sai da na rasa su kafin na gane aikin da kake yi mana shekara da shekaru ba tare da ka taɓa faɗa ba.

Kada ka ɗauka gardamar ta mutu. Malam Tanimu yana nan a kan a kori koci, sai dai ya yi masa sassauci zuwa Kirsimeti. Ɗanladi ya roƙa a kai shi Sallah. Suna cikin wannan cinikin har ƙofar shagon walda, domin Ɗanladi ne ya mayar da shi Makera a keke.

Allah Ya tsare ka a inda kake, Ya albarkaci nemanka, Ya raya maka su Grace. Allah Ya zaunar mana da Kaduna lafiya, Ya dawo mana da kai mu cika huɗu.

Naka har kullum,
Auwalu, daga Makera.