Kafin Jiniyar Asabar

Yaya Wendell,

Na wuce aiki kana barci. Yau Asabar, da tsakar rana za su gwada jiniyar gargaɗin guguwa. Wancan makon da suka gwada, a bahon wanka na tsinci Mama, numfashinta sama-sama, tana kiran Baba kamar ranar da guguwar ta raba mu da shi. Na zaci ita ma tafiya za ta yi.

Don Allah kar ka ce mata gwaji ne, ta sani. Damƙa mata ƙanƙara a hannu, ka zauna kusa da ita, ta riƙa faɗa maka abin da take gani, famfo, sabulu, ko mene ne. Ja numfashi a hankali, za ta bi ka.

In ta tambayi Baba, kar ka yi mata ƙarya. Ce mata kai kana nan.

Loretta