Mun Shirya, Saura Alƙali

Zuwa ga Mai Girma Babban Joji,

Ranka ya daɗe. Ina gaishe ka, da iyalinka, da duk masu aiki a ƙarƙashinka, tun daga manyan alƙalai har mai share kotu. Sunana Rifkatu, mutuniyar Kagoma, malamar firamare da ta yi ritaya. Lauyana ya ce mini kai ne uban alƙalai: kai ke tura su, kai ke ɗauke su. To, shi ya sa na tsallake 'ya'yan na zo wurin uban.

Ga yadda abin ya faro. Rafi ne iyakar gonarmu da ta maƙwabcinmu Istifanus, dattijo a ikkilisiyarmu. Bayan rasuwar maigidana, wata damina rafin ya sauya hanya, ya bar wani yanki mai kyan citta a ɓangarensa. Istifanus ya ce iyaka ta bi rafi. Na ce rafi ne ya yi yawo, ƙasata tana nan inda take. Magana ta kai mu kotu a Kafanchan, kotu kuwa ta ba da umarni kada kowa ya sa fartanya a wurin sai an yanke hukunci.

Batutuwa uku na kawo maka. Na farko, maganar alƙalai. Wanda muka fara samu mutumin kirki ne. Ya saurari kowa, ya zo har gonar, taɓo ya cinye masa takalmi bai yi ƙorafi ba. Saura hukunci kawai, sai muka ji an yi masa ƙarin girma. Muka taya shi murna. Wadda ta gaje shi ta ce ba ta ga idon shaidu ba, dole a koma farko. Muka koma. Ita ma da ta kusa ƙarshe, sai aka ɗaga ta gaba. Alƙali na uku bai ma kai ga ganin rafin ba, shi ma aka ɗaga shi. Ranka ya daɗe, na fara zargin akwai albarka a shari'armu. In kana da alƙalin da ya daɗe bai motsa ba, turo mana shi, kafin kaka za ka ji labari.

Batu na biyu ba na dariya ba ne. Shaidana ɗaya ne tak, Baba Ayuba, wanda ya yi noma a wurin tare da surukina tun suna samari. Duk lokacin da aka koma farko, sai mu ɗora tsohon nan a mashin, a ɗaure shi da zane a bayan mai tuƙi don kada ya faɗi. A zuwansa na ƙarshe ya dubi sabon alƙali ya ce, "Ɗana, zama ka zo yi ko kai ma wucewa kake?" Kotu ta kwashe da dariya, har shi alƙalin. Bara Baba Ayuba ya rasu. Gaskiya ɗaya ya yi ta maimaitawa a gaban alƙalai dabam-dabam, bai ji abin da ta haifar ba.

Na uku, kuma shi ne dalilin wasiƙar nan. A wurin makokin Baba Ayuba, Istifanus ya jawo kujera kusa da ni. Mun yi shekaru ba ma gaisawa, ko a sujada sai dai kowa ya dubi littafin waƙarsa. Ya ce, "Maman Dauda, ni na gaji. Ke fa?" Na ce ni gwiwoyina sun riga ni gajiya. A nan ya tona mini abin da duk gari ya sani ban da ni: ɗana Dauda da 'yarsa Hannatu, waɗanda ke raka mu kotu, ashe yayin da muke harare-harare a ciki, su suna bencin waje suna tasu shari'ar. Tasu ta riga tamu ƙarewa. Muka yarda a bar musu yankin, su noma shi tare in an ɗaura aure. Fasto ya yi addu'a, lauyoyi suka sa hannu.

Sai ga inda gizo ke saƙa. Umarnin hana noma yana nan daram, kuma alƙali ne kaɗai zai iya janye shi. Kujerar alƙalinmu kuwa babu kowa a kanta. Duk zuwan da muka yi, magatakarda ya tarbe mu da fara'a, ya ce mu ƙara haƙuri, ana jiran sama. Yanzu ni da Istifanus mota ɗaya muke shiga, mai ƙara da wanda ake ƙara, muna raba gyaɗa a hanya. Gonar ta zama daji, gafiyoyi sun yi ƙiba a ciki, su ba su san da umarnin kotu ba.

Istifanus ya ce mu shiga kawai, wa zai gani? Ni na ƙi. Na ƙarar da ƙuruciyata ina koya wa yara bin doka, ba zan tsufa in karya ta ba. Lauya ma ya ce raina kotu na iya kai mutum gidan yari. Ka duba kunyar: tsohuwar malama da dattijon ikkilisiya a bayan kanta, laifinsu sun shirya.

Amma abin yana ci mini rai. Dauda ya bar aikin gadi a Kaduna ya dawo gida saboda wannan gona. In bana ma ta wuce shi, ya ce zai koma, kuma na san in ya tafi da Hannatu, sai dai mu riƙa ganin jikoki a waya.

Roƙona biyu ne. Ka turo mana alƙali, ko na aro ne, ko na safiya ɗaya. Ba mu da shaidu, ba mu da gardama, ko shayinsa ba zai huce ba mun gama. Sannan nan gaba, in za a ɗaga alƙali sama, a bar shi ya sauke kayan da ya ɗauko tukuna. Tsofaffin shaidu ba sa ƙara yarinta don an koma farko.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya sa ka gama aikinka da suna mai kyau. Ba zan yi maka addu'ar ƙarin girma ba tukuna, sai ka amsa mini. Hadari ya fara haɗuwa a gabas, irin citta yana tsiro a ɗaka, kuma ka san damina ba ta ɗage zama.

Wassalam.

Taka cikin girmamawa,
Rifkatu, Maman Dauda
Kagoma