Farin Sulke da Huɗubar Jariri

Gwarzo

Zuwa ga ƙanwata Badi'a,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya ke da maigidan. Bayan haka, ina sanar da ke da ɗaukacin mutanen Gude cewa na kammala wani muhimmin bincike: sulken sojojin sararin samaniya na cikin finafinai bai fi kwalin sabulu amfani ba.

Finafinan suna cikin wayar yaron nan da aka kawo mana tare da sauran kayansa. Na kalle su kaf. Za ki ga runduna guda an lulluɓe su da farin sulke daga ka har ƙafa, a harbo musu ɗan haske, su zube kamar karan dawa. Jarumi kuwa kansa a buɗe, gashi a taje, ko ƙwarzane babu. Ashe a can sama wanda aka san fuskarsa da sunansa ba ya mutuwa.

Tawa wayar a kashe take. Ki ba direban Kabo amsa.

Yayanki, Hambali

Gude

Yaya Hambali,

Ina gaisuwa, ya ƙarin haƙurinmu? Ban gane zancen fim ba. Raliya matar ɗanka marigayi Mahbub ta sauka lafiya, namiji. Iyayenta sun ce kai za ka yi wa jaririn huɗuba, ita kuma tana so a mayar masa da sunan ubansa. Ka zo kafin ranar suna.

Ka huta lafiya, Badi'a

Gwarzo

Badi'a,

Barka da arziki, Allah ya raya. A sa masa Muntari, liman ya yi huɗubar. Kin san yaron nan ɗan fari ne, bakina bai taɓa kiran sunansa ba. Ba yanzu zan fara ba.

Na ƙara gano cewa hular kwanonsu ba ta barinsu su gani, shi ya sa duk harbinsu bango yake samu. Ina cin abinci, ina zuwa masallaci. Ba abin da ke damuna. Ba abin da nake ji ma.

Hambali

Gude

Yaya,

Gaisuwa. Ranar da Mahbub zai koma dajin da aka tura su aikin soja, ya tsaya maka a zaure da jakarsa. Ka ce "a sauka lafiya", idonka na kan jarida. Da ya biyo ta nan sai ya ce mini, "Gwaggo, ni fa har yau ban san yadda sunana yake a bakin Baba ba." Da dariya ya faɗa.

Mahbub yana da hular kwano, yana da suna, ya kuma rasu. Raliya ba ta yi gardama ba. Ta dai hana liman ɗaukar yaron.

Badi'a

Gwarzo

Badi'a,

Ina gaishe ku. Ki ce wa Raliya ina tafe a motar safe. Na gwada faɗar sunan ni kaɗai a ɗaki, bai fito ba tukuna. Amma a kunnen jariri ba sai an ɗaga murya ba.

Batun Muntari, ni na yi kuskure.

Hambali