Ƙugiyar Tirela Ta Tsinke

Auta,

Na zo gida ban same ka ba, ka gode wa Allah.

'Yar tirelar nan da ka ce ka gyara don ta ɗauki injin bulo, yau ta nuna mana aikinka. Ka ƙara mata sifirin, ka ƙara ƙarfe a gadonta, amma ƙugiyar da ke riƙe ta a jikin mota ka yi mata walda a kan tsatsa, ka shafe da fenti. Sarƙar tsaro ma ka cire ka ɗaure ƙofar shago da ita!

Mun tsaya a hawa, Kawu ya sauka zai sa wa taya dutse. Sai ji muka yi ƙas, ƙugiya ta tsinke, tirela da inji suka bi ta kan ƙafarsa. Har ƙashi na gani da idona. Rigata ce can a bokiti, ka duba jinin.

Kada ka kuskura ka zo asibiti, 'ya'yansa na bakin ƙofa da sanduna. Je ka jawo tirelar gida, ka yanke ƙugiyar gaba ɗaya, ka kankare ƙarfen sai ya yi fari. Kada ka ɗora walda sai na tsaya a kanka.

Za ka tarar da gilashin waldarka a farfashe. Ni ne, da guduma. Kawu ne ya riƙe hannuna a asibiti yana nishi, ya ce in rantse ba zan taɓa ka ba. Shi ya sa gudumar ta sauka a kan gilashin.

Yaya