Kabeji a Wurin Mai Tsire

Laraba da dare, damina, 2006

Tun da likita ya ce hawan jini ya kama ni, matata Hajara ta kafa mini doka: ba tsire, ba kilishi.

Yau da na rufe shago, ban san lokacin da ƙafata ta kai ni kasuwar Terminus wurin Ɗanlami mai tsire ba. Na ce ya yanka mini mai kitse.

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Oga, yi haƙuri. Madam ta zo da kanta. Ta ce in na sayar maka, ni zan riƙe marayun."

Na ce, "To ko ɗanɗano?"

Sai ya naɗe mini kabeji da tumatir a jarida, ko yaji bai barbaɗa ba. Na tsaya cikin ƙamshin nama ina taunar ganye kamar saniyar gidan gonar Vom.

Na dawo gida da niyyar faɗa, na tarar da ita tana shan faten gwate marar gishiri, tana yamutsa fuska. Ita kuwa likita bai hana ta komai ba. Sai na fasa faɗan. Na ja kujera na ce ta zubo mini.

Ba daɗi, amma na shanye.